Gidajen Rahusa na Gwamnati: Ina Rahusar Take, Kuma Wa Take Kai Wa?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, da mata da 'ya'ya huɗu, yau shekara 11 ina zaman haya. An buɗe rajistar wasu gidaje da aka ce gwamnati ta sa musu tallafi domin masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Da na duba abin da za a riƙa cira a albashina duk wata sai na ga ya haura rabi. To ina rahusar take? Kuma akwai ƙasar da irin wannan tsari ya taɓa kai wa ga talaka, ko duk zance ne?

Amsa: Malam, lissafin da ka yi shi ne wanda da yawa ba sa yi sai bayan sun sa hannu. Ma'aunin da masu tsara gidaje suka fi aiki da shi shi ne kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. Daga Amurka ya samo asali: a 1969 aka yi dokar da ta hana a karɓi fiye da kashi 25 na samun mai zaune a gidan gwamnati, a 1981 aka ɗaga zuwa kashi 30. Shi kansa ma'aunin yana da rauni, domin kashi 30 ɗin mai babban albashi ba ya taɓa tukunyarsa, na mai ƙaramin albashi kuwa a cikin cefane ake yankarsa. Amma ko da wannan ma'aunin mai sassauci aka auna, gidan da zai cinye rabin albashinka ba da kai aka yi lissafinsa ba, ko me aka rubuta a allon talla.

Gida ba ya yin araha don an kira shi mai araha. Akwai kuɗin fili, akwai na hanya da ruwa da wuta da magudana, akwai na siminti da rodi da ladan magina, akwai ribar ɗan kwangila, sannan ga kuɗin ruwan bashin da aka yi aikin da shi. Idan aka tara aka ga ya fi ƙarfin wanda ake so ya shiga, dole wani ya cike giɓin. Wannan giɓin shi ake kira tallafi. Saboda haka duk lokacin da aka kawo mini irin wannan tsari, tambayata ta farko ita ce a wace gaɓa aka zuba kuɗin gwamnati, domin gaɓar da aka zaɓa ita ke zaɓen wanda zai amfana tun kafin a buɗe rajista.

Ɗauki gaɓar bashi, wadda gwamnatoci suka fi so saboda ba ta buƙatar su fitar da kuɗi masu yawa lokaci guda. A ce ka ci bashin miliyan ɗaya, na kowace irin takardar kuɗi, za ka biya cikin shekara 20. In kuɗin ruwa kashi 6 ne a shekara, duk wata za ka ba da kimanin 7,200. In kashi 25 ne, za ka ba da kusan 21,000, kuma kafin ka gama ka biya jimlar miliyan biyar a kan bashin miliyan ɗaya. Gida ɗaya, bulo ɗaya, amma biyan wata ya ninka kusan sau uku. Ka ga rage kuɗin ruwa ba ƙaramin taimako ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wa banki zai yarda ya ba bashin shekara 20. Sai mai takardar albashi, mai takardar mallaka da za a riƙe jingina, mai abin ba da kafin alƙalami. Ɗan tireda, tela, direba da mai aikin gini na yini, waɗanda su ne mafi yawan ma'aikata a ƙasashe masu tasowa, tun daga ƙofa an tace su.

Ƙasashe da dama sun kafa asusun da ake tara kuɗi daga albashi domin a ba da irin wannan bashi. Meziko ta kafa Infonavit a 1972, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 5 na albashin kowane ma'aikaci. Najeriya ta yi dokar Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, ana cire kashi 2.5, ana ba da bashi a kan kashi 6 har zuwa shekara 30. Kenya ta ƙaƙaba harajin gidaje na kashi 1.5 a 2023, aka sha rigima a kotu har sai da aka yi masa sabuwar doka a 2024. Haɗarin da ke tattare da irin waɗannan asusu shi ne kowa ke zubawa, amma wanda albashinsa ya kai ya sayi gida shi ke ɗiba. Masinja da mai gadi su yi ta zubi, darakta ya karɓi bashi mai sauƙi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma hauhawar farashi ta fi ribar da asusun ke ba masu zubi, abin da aka mayar wa ƙaramin ma'aikaci ranar ritaya bai kai darajar abin da aka cire masa ba. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, tsarin ijara, wato haya mai kaiwa ga mallaka, ko na haɗin gwiwar da ake sayen kason banki sannu a hankali yana warware matsalar shari'a, sai dai bai sauya lissafin wa ke da ƙarfin biya ba.

Kuskuren da ke cikin sunan tsarin kansa shi ne haɗa masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita a jimla ɗaya, alhali ciwonsu daban. Matsakaici yana iya biya in aka tsawaita masa lokaci aka rage masa ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi ko an yafe masa ruwan gaba ɗaya ba zai iya biyan uwar kuɗin ba. Afirka ta Kudu ta nuna wannan a fili. Tun daga 1994 ta gina ƙananan gidaje miliyoyi ta raba kyauta ga iyalan da samunsu bai wuce rand 3,500 a wata ba. Sai aka wayi gari malamin makaranta da ɗan sanda da ma'aikaciyar jinya sun faɗa tsakiya: sun fi ƙarfin gidan kyauta, ba su kai banki ya saurare su ba. Dole aka ƙirƙiro musu wani tallafi daban, na kuɗin da ake rage musu a farashin gida, ga masu samun rand 3,501 zuwa 22,000. Daga bayanin da ka yi, a wannan tsakiyar kake.

Ka tambaya ko akwai inda abin ya yi aiki. Akwai, kuma Singafo ce ake fara ambata. An kafa hukumar gidajenta, HDB, a 1960, lokacin da yawancin jama'a ke cunkushe a tsofaffin shaguna da bukkoki. Yau kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar a gidajen hukumar suke, kuma mafi yawansu mallakarsu ne. Jami'ai kan je yawon gani da ido su dawo da hotunan dogayen benaye, su manta da abubuwa biyu da suka ɗauki nauyin benayen. Na farko dokar karɓar filaye ta 1966, wadda ta ba gwamnati damar karɓar fili don amfanin jama'a a kan diyya mai sauƙi, har ta kai daga ƙasa da rabin ƙasar zuwa mallakar kusan kashi 90 nata. Na biyu, daga 1968 aka yarje wa ma'aikaci ya biya kuɗin gida daga asusun ajiyar dole na ritayarsa, don haka sau da yawa biyan wata ba ya taɓa abin da ke shiga aljihunsa. Sannan ba a gina gidajen su kaɗai a daji ba. Kowace unguwa da makarantarta, kasuwarta, asibitinta da tashar mota ko jirgin ƙasa. Wanda ya saya sai ya zauna aƙalla shekara biyar kafin ya sayar, kuma abin da ya saya haƙƙin zama ne na shekara 99, fili na nan hannun gwamnati. Tun 1989 ma akwai ƙa'idar da ta hana ƙabila ɗaya ta mamaye bene guda.

Ba na cikin masu cewa a kwafo Singafo. Birni ɗaya ce, kusan kowa a cikinta albashi yake karɓa, kuma irin ikon da gwamnatinta ta yi amfani da shi wajen karɓar filaye, in ya faɗa hannun da ba a amince da shi ba, ƙwace ne kawai. Su ma yanzu suna kuka da tsadar gidajen da ake sake sayarwa. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun fara da fili, kuma fili a inda rayuwa take.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne abin da ya faru a Meziko. Daga shekarar 2000 aka buɗe bakin asusun Infonavit, kamfanoni suka yi ta zuba ƙananan gidaje iri ɗaya, dubbai a jere, a filayen noma masu nisa da gari, saboda can ne fili ke da araha. A takarda an ci nasara, an ba miliyoyin ma'aikata makulli. A aikace mutum kan ɓata sa'o'i a hanya kowace rana, kuɗin mota ya zama haya ta biyu, ga ƙarancin ruwa da makaranta da tsaro. Iyalai suka riƙa kulle ƙofa suna komawa haya kusa da wurin aiki, bashi na ci gaba da hawa kansu. Ƙidayar 2010 ta samu gidaje kusan miliyan biyar babu kowa a ciki. Ba dukansu ne na wannan tsari ba, amma unguwannin da suka zama kufai suna da kaso mai tsoka. Irin wannan suka aka yi wa shirin Birazil na 2009, Minha Casa Minha Vida, da kuma gidajen kyauta na Afirka ta Kudu, waɗanda da yawansu aka gina a bayan gari, daidai inda mulkin wariya ya saba ajiye baƙar fata. A aikin da na yi na sha zama da injiniyoyi suna ta ƙoƙarin rage buhun siminti biyu a kowane ɗaki, babu wanda ya tambayi nawa mai gidan zai kashe kafin ya isa wurin aiki. Rahusar da aka samu a fili mai nisa, mazaunin gidan ne ke biyanta a tasha har ƙarshen rayuwarsa.

Sai batun da ba a cika tattaunawa ba, wanda a ganina shi ke raba tsarin da zai ɗore da wanda zai zama rabon ganima. In gwamnati ta rage wa gida kashi 40 ta sayar maka, bayan shekara biyu ka sayar a farashin kasuwa, tallafin ya shige aljihunka, gidan kuma ya bar sahun masu rahusa har abada. Iyali ɗaya ya amfana, na bayansa sai a sake nemo sabon kuɗi. Birtaniya ta ɗanɗana wannan. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya a gidajen ƙananan hukumomi ikon sayen gidajen da rangwamen kashi 33 zuwa 50. Waɗanda suka saya sun ji daɗi, ba a musun wannan. Amma an sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila, an kuma takura wa ƙananan hukumomi wajen gina madadinsu da kuɗin da aka samu. Yau iyalai fiye da miliyan ɗaya ke jeren jira, kuma da yawa daga cikin gidajen da aka sayar sun koma hannun masu ba da haya, wasu ma gwamnati ce ke biyan hayarsu da tsada a madadin talaka. Sikotilan ta soke wannan dama a 2016, yankin Wales ya bi sahu a 2019.

Viyana, babban birnin Ostiriya, ta ƙi sayarwa. Tsakanin 1919 da 1934 ta gina gidaje sama da 60,000, da harajin da aka fi ɗora wa masu hali, ciki har da rukunin gidajen Karl-Marx-Hof wanda tsawonsa ya haura kilomita ɗaya. Har yau birnin na riƙe da gidajen haya kimanin 220,000, kuma in aka haɗa da na ƙungiyoyin gina gidaje da doka ta iyakance musu riba, kusan rabin mutanen birnin a irinsu suke zaune. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne iyakar samun da aka sa tana da faɗi ƙwarai, mafi yawan mazauna birnin sun cancanta, kuma in samunka ya ƙaru bayan ka shiga ba a tashinka. Ana sukar wannan da cewa mai hali na cin rabon talaka, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ribarsa ita ce likita da direban bas suna hawa matakala ɗaya, adireshin mutum ba ya tona asirin aljihunsa, kuma babu ɗan siyasar da zai iya yin watsi da gidajen da rabin masu jefa ƙuri'a ke kwana a ciki.

Kishiyar wannan ita ce Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka: benaye 33 masu hawa 11, gidaje 2,870, an kammala su a tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe su da nakiya a 1972. An daɗe ana ɗora laifin a kan zanen ginin, ko a kan mazauna. Gaskiyar magana ita ce gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, ta bar gyara ya fito daga hayar mazauna. Birnin ya yi ta rasa jama'a da masana'antu, masu ɗan ƙarfi suka fice, aka bar mafi talauci, haya ta kasa biyan gyaran lif da bututun ruwa, lalacewa ta ƙara korar mutane. Ɗan siyasa na son yanke zare a bikin buɗewa, amma ba a yi wa gyaran rufi biki. Duk tsarin da bai faɗi wa zai gyara yoyo bayan shekara goma ba, ya bar rabin lissafinsa a waje.

Daga 1974 Amurka ta fi karkata ga taimaka wa ɗan haya kai tsaye: ya nemi gida a kasuwa, ya biya kimanin kashi 30 na samunsa, gwamnati ta cike sauran zuwa wata iyaka. Yana ba mutum zaɓi, amma kuɗin ba sa isa, kusan iyali ɗaya cikin huɗu da suka cancanci tallafin haya ne ke samu, kuma masu gidaje da yawa ba sa karɓar mai takardar wannan tallafi. A garin da gidaje ba sa ƙaruwa, irin wannan tallafi mai gida ne ke shanye shi ta hanyar ƙara haya.

Misali mafi kusa da tambayarka shi ne na Habasha. Tun tsakiyar shekarun 2000 take gina benaye a Adis Ababa tana rabawa ta ƙuri'a, a 2013 ta kasa masu nema gida uku gwargwadon kafin alƙalamin da za su tara: kashi 10, kashi 20 ko kashi 40, banki ya ba da sauran. An gina dubban ɗaruruwa, aiki ne babba. Amma talakawa da yawa da ƙuri'a ta faɗa kansu sun gano biyan wata ya fi ƙarfinsu, sai suka zuba 'yan haya masu ɗan hali, su kuma suka koma tsohuwar unguwa. Ni ban ga laifinsu ba. Sun samu kadara, hayar na biyan bashin. Amma in manufar ita ce talaka ya kwana a gidan, ba ta cika ba.

Ga mafi ƙarancin samu, abin da ya fi ba ni gamsuwa shi ne tsarin da ya amince da yadda talaka ke gini tun asali, wato ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da ya samu. A 1972 Bankin Duniya ya ba Senegal bashin yanka fulotai a Dakar tare da hanya da ruwa, aka bar mutane su gina da kansu. An yi ta kushe aikin da jinkiri, amma unguwar Parcelles Assainies yau tana cikin mafi cika a birnin. Tailan ta fara shirin Baan Mankong a 2003, inda mazauna unguwannin marasa galihu ke haɗa ƙungiya, gwamnati ta ba su tallafin hanya da magudana da bashi mai sauƙi, filin kuma ya zama na ƙungiya, abin da ke hana dillalai saye ɗaya bayan ɗaya. A birnin Iquique na Chile, mai zanen gine-gine Alejandro Aravena ya samu dala 7,500 kacal ga kowane iyali cikin iyalai 93. Maimakon ya kwashe su zuwa bayan gari, ya kashe kaso mai yawa wajen sayen filin da suke kai a tsakiyar birni, ya gina musu rabin gida, ɓangaren da ya fi wuya: ginshiƙai, matakala, kicin da banɗaki, ya bar gurbin da kowa zai cike daga baya. Irin waɗannan ba sa kyau a hoto ranar buɗewa, shi ya sa gwamnatoci ba sa rububinsu.

Yanzu mu dawo kanka. Kada ka tsaya a kan cirar wata kaɗai. Haɗa ta da kuɗin motar da kai da yara za ku riƙa kashewa daga sabon gidan, da kuɗin kula da unguwa in akwai, da inshora, ka kwatanta jimlar da hayar da kake biya yanzu haɗe da kuɗin motarka na yanzu. Ka je wurin da ƙafarka a ranar aiki da sassafe, in da hali ka sake zuwa bayan an yi ruwan sama, ka ga ko hanya da ruwa da wuta suna nan ko kuwa alkawari ne. Ka nemi a nuna maka a rubuce ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko yana iya tashi, da abin da zai faru in ka kasa biya na wata uku, da ranar da takardar mallaka za ta fito da sunanka, da shekarun da aka hana ka sayarwa ko ba da haya. In gidan ba a gina shi ba tukuna, ka tambayi inda kuɗin kafin alƙalaminka zai zauna da yadda za a mayar maka in aikin ya tsaya, kuma kada ka ba kowa kuɗi a hannu don ya sa sunanka a jeri.

In bayan duk wannan lissafin ya tsaya a kan rabin albashi, shawarata ka haƙura da wannan rukunin, domin da 'ya'ya huɗu rashin lafiya ɗaya ta isa ta jefa ka cikin bashin da zai kai ga ƙwace gidan tare da abin da ka riga ka zuba. Ka tambaya ko tsarin yana da ƙaramin gida mai filin ƙari, ko fuloti mai hanya da ruwa, ko haya mai kaiwa ga mallaka wadda ba ta buƙatar kafin alƙalami. Ka kuma bincika ko ƙungiyarku ta malamai tana da asusun haɗin gwiwa na gidaje, domin ƙungiya na iya sayen fili a dunƙule ta kuma tsaya wa mambobinta a banki, kuma samun matarka, in tana da sana'a, wasu tsare-tsaren suna yarda a haɗa shi da naka wajen tantancewa.